Murfi Mai Lamba Bakwai

Ƙarfe takwas saura na safe aka kawo rahoton. Sufeto ta zuba shayi ke nan, ko kurɓa ba ta yi ba, Saje ya leƙo ofishinta da hularsa a hannu.

"Ranki ya daɗe, an sami gawa a layin masu hatsi. Budurwa ce. An ce lafiya lau ta kwanta."

"Wa ya ce?"

"Wanda ya bugo waya."

"To ɗauko makullin mota, mu je mu ji daga bakin waɗanda suka kwantar da ita."

Shekara goma sha tara Sufeto ta yi tana wannan aiki, kuma mace ce mai tsadar magana. Saje ya girme ta nesa ba kusa ba, shi kuwa bakinsa ba ya hutawa. A ofis cewa ake yi shi ke yin maganar mutum biyu, tasa da tata. Suka kama hanyar layin masu hatsi.

Gida ne ɗan madaidaici, ɗakuna uku a jere suna kallon tsakar gida. Mata sun cika barandar, wasu na kuka ƙasa-ƙasa. A bakin ƙofa wani dogon mutum ya tare su, sanye da kakin ƙaramar hukuma wanda ya sha guga.

Sufeto ta san shi sarai. Shi ne shugaban sashen tsaftar muhalli, wanda duk gari ke kira Dubagari. Sau da yawa sun fita samame tare, ita da 'yan sandanta, shi da ma'aikatansa, suna kwashe haramtattun magungunan ƙwari daga shaguna. Ba a taɓa jin ya karɓi ko ruwan sha a hannun ɗan kasuwa ba.

"Yallaɓai, har an kira ku?"

"Ba aiki ne ya kawo ni ba, Sufeto." Muryarsa ta dushe. "Gidan yayata ne. Yarinyar 'yata ce."

Ta yi masa gaisuwa, ya amsa kansa a ƙasa. Sannan ya ce yana zargin guba ce. Ɗakin tsakiya sito ne, cike da buhunan wake, ga alama an sa masa maganin ƙwari. Ya riga ya fitar da kowa daga ɗakunan, ya buɗe tagogi, ya kuma aika a kawo takunkuman aiki daga ofis.

Sai da takunkuman suka iso sannan Sufeto ta shiga ɗakin marigayiyar.

An lulluɓe ta da farin zane a kan gado. Auta ake kiran ta, shekararta goma sha tara, tana aji biyu a makarantar koyon aikin jinya. Jakarta na gefen gado a buɗe, ko rabin kayan ba ta fitar ba. Farar rigar makarantarta na rataye a ƙusa. A ƙasa kuwa, kusa da bango, tsaka biyu ne a kwance, cikinsu a sama.

Sufeto ta ɗaga kai. Ɗakin ba shi da silin. A saman bangon da ya raba shi da sito an jera tsofaffin kwalaye, an kafe su da ƙusoshi. Ta jawo kujera ta taka, ta ɗaga kwali ɗaya. Bangon bai kai rufi ba. Akwai rata kamar tafin hannu biyu, kuma ta cikinta tana hango bayan buhuna.

Ta sauko, ta fito, ta tsaya gaban ƙofar siton. An bi gefunanta huɗu da faffaɗan salatif, layi a miƙe kamar an gwada da zare. Har ramin makulli an toshe.

"Kada kowa ya taɓa ƙofar nan sai an ɗauki hotonta," in ji ta.

Saje ya ɗauki hoton, ya matso kusa da kunnenta. "Ranki ya daɗe, wanda ya yi liƙin nan ba yau ya fara ba. Kuma ni da tsayina, sai na yi ɗage kafin in kai saman ƙofar."

Uwar yarinyar na zaune a kan tabarma a inuwar katanga. Mai Wake ake ce mata, don tun da mijinta ya rasu da cinikin wake ta riƙe gidan. Gajeriya ce mai jiki, gwiwoyinta a kumbure, sandarta a gefe. Idanunta sun bushe ƙamas.

Sufeto ta durƙusa gabanta.

"Mama, sai haƙuri. Dole ce ta sa zan tambaye ki a irin wannan rana. Wa ya sa magani a sito?"

"Ni ce."

"Yaushe?"

"Shekaranjiya da hantsi."

"Wane iri ne?"

"Ƙwayar nan da ake sa wa hatsi."

"A ina kika samu?"

"Wurin wani mai talla. Wucewa yake yi. Ban san shi ba."

"Ƙwaya nawa kika sa?"

"Ban ƙirga ba."

"Ina gwangwanin?"

"Na jefar."

"Wa ya liƙe ƙofar?"

"Na ce miki ni ce, 'yar nan. Ni na kashe 'yata. Me kuma kike nema?"

Sufeto ta dubi gwiwoyin, ta dubi sandar. Ba ta ƙara tambaya ba.

A waje Dubagari ya biyo su har mota. Ya ce duk masu tallan nan wuri ɗaya suke saro kaya, shagon maganin gona da ke bakin kasuwa. Wata biyu da suka wuce ya kama mai shagon da irin wannan ƙwaya. Doka ta ce ba mai taɓa ta sai kamfani mai lasisi, kuma ko kamfanin ba shi da iznin sa ta a gidan da mutane ke kwana.

"Mai hali ba ya fasa halinsa," in ji shi. "Ku fara da shi."

Kafin azahar an ɗauko mai shagon, an kulle shagonsa.

An kai gawar asibitin gwamnati, likita bai ɗauki dogon lokaci yana duba ta ba. Ya cire tabarau ya murza idanunsa.

"Ba sha ta yi ba, shaƙa ta yi. Ƙwayar idan ta ji danshi sai ta saki iska mai guba. Huhu take fara kamawa, sannan zuciya."

"Lokaci ɗaya take kashewa?"

"A'a. Sai an yi ciwon kai, an yi amai, ƙirji ya riƙe. Wannan yarinya ta daɗe tana jin jiki kafin rai ya yi halinsa. Duk wanda ke gidan ya ga alama."

"Da an fitar da ita daga ɗakin fa?"

Likita ya mayar da tabaransa. "Abin ba shi da makari, Sufeto. Amma da an fitar da ita tun da yamma, an kawo ta nan, da wataƙila yanzu tana zaune tana ba ki labari da kanta."

A mota Saje ya girgiza kai. "To ashe ba lafiya lau ta kwanta ba."

"Ba lafiya lau ba," in ji Sufeto.

Washegari da safe, bayan siton ya sha iska yini da kwana, ta koma ta shiga da takunkumi. Buhu arba'in ne a jere kan katako. Tsakanin kowane layi an ajiye 'yar takarda a naɗe kamar faranti, a kanta ɗan tulin toka mai ruwan ƙasa-ƙasa, abin da ya rage na ƙwayar. Tazarar da ke tsakaninsu iri ɗaya ce, babu wadda ta fi wata.

Saje ya kwanta rub da ciki yana haska ƙarƙashin katako da tocila, yana gunaguni.

"Shekara talatin ina aiki, ga ni ina gasar rarrafe da ɓeraye. Su ma ɗin sun mutu sun bar ni." Ya miƙa hannu can ciki, ya jawo wani abu.

Murfin gwangwani ne na ƙarfe. A samansa an rubuta lamba bakwai da jan fenti.

Mai shagon ya kwana a bayan kanta, idanunsa sun yi jajir. Ɗan siriri ne mai saurin baki, tun kafin ya zauna ya fara rantsuwa.

"Wallahi ranki ya daɗe, tun da uwata ta haife ni ban taɓa sayar da ƙwayar nan ba. Taki nake sayarwa, da iri, da maganin ciyawa mai rajista."

"Ba a taɓa kama ka da ita ba?"

"Sharrin maƙiya ne."

Sufeto ta ajiye murfin a tebur cikin 'yar leda. Mai shago ya dube shi. Can ya sunkuya ya sake dubawa.

"Ina kika samo wannan?"

"Ni ke tambaya. Naka ne?"

"Dā nawa ne. To na yi ƙarya. Na sayar a baya. Amma ran da suka zo samame sun kwashe duka, gwangwani goma sha biyu. A gabana suka jera su a kan benci, wani ma'aikaci ya bi su da jan fenti, ɗaya, biyu, har sha biyu. Tun daga ranar ko ƙwara ɗaya ba ta sake shiga shagona ba. Tarar da na sha ta ishe ni wa'azi."

"Kana da shaida?"

"Sun ba ni takarda. Tana cikin aljihun tebur. A aika wurin uwargidana, ta san inda makulli yake."

Kafin awa ɗaya takardar ta iso. Hatimin ƙaramar hukuma ne a kanta. Gwangwani goma sha biyu, an kwace bisa dokar amfani da magungunan ƙwari. A ƙasa ga sa hannun Dubagari, dogo mai lanƙwasa, wanda Sufeto ta sha gani.

Ta daɗe tana kallon takardar.

Siton ƙaramar hukuma na can bayan sakatariya, kusa da inda ake ajiye motocin shara. Mai kula da shi dattijo ne mai furfura, yana zaune a bakin ƙofa yana sauraron rediyo. Da ya ga kakin 'yan sanda sai ya kashe rediyon.

"Baba, kayan da aka kwato daga shagon bakin kasuwa, ina suke?"

"An lalata su. Kamfanin da hukuma ke hulɗa da shi ya turo mota ya kwashe."

"Nawa suka kwashe?"

"Sha biyu cif." Ya jawo wani babban littafi ya buɗe, ya ɗora yatsa. "Ga shi nan a rubuce."

"Wannan rubutunku ne. Ina takardar da kamfanin ya bari?"

"Ta ɓata."

"To ba komai. Akwai lambarsu a jikin allon can. Saje, buga musu su duba kwafinsu."

Saje ya ciro waya. Bai gama danna lambobin ba dattijon ya ɗaga hannu. Ya tashi da ƙyar, ya buɗe wata durowa, ya zaro takarda daga ƙarƙashin tarin tsofaffin fayiloli.

Goma sha ɗaya aka rubuta. An jera lambobin ɗaya bayan ɗaya. Daga shida sai takwas.

"Ina na bakwai, Baba?"

"'Yar nan, saura wata biyar in yi ritaya."

"Ita kuwa yarinyar saura shekara ɗaya ta gama makaranta. Ina na bakwai?"

Dattijon ya koma ya zauna.

"Makullin siton nan biyu ne. Ɗaya a wurina, ɗaya a wurin oga Dubagari. Ana gobe motar za ta zo ya shigo da kansa, ya ce gwangwani ɗaya ya huje, zai kai shi inda ya dace tun kafin ya cutar da wani. Ya ce in rubuta sha biyu don kada lissafin kaya ya rikice. Mutumin da ko allurar hukuma bai taɓa ɗauka ba, wane ni in tuhume shi? Jiya da na ji abin da ya faru a gidan yayarsa, ko loma ɗaya ta ƙi wuce mini."

A hanyar fita suka bi ta gaban ofishin sashen tsafta. An manna manyan hotuna a bango: mutum sanye da takunkumi da safar hannu, ƙoƙon kai da ƙasusuwa, da rubutu ja mai cewa kada a ajiye guba inda ake kwana.

"Mai dokar barci," in ji Saje a hankali, bai ƙarasa ba.

"Mu shiga mu ɗauke shi?" ya tambaya bayan ɗan lokaci.

"Tukuna. Murfi ya nuna inda gwangwani ya fito. Bai nuna hannun da ya buɗe shi ba. Wadda ta ga hannun tana gida."

Da hantsin rana ta uku Sufeto ta koma gidan ita kaɗai. Masu ta'aziyya sun ragu. Ta sami Mai Wake a ɗakin Auta, zaune a bakin gado, farar rigar makarantar a cinyarta. Ta ninke ta, ta warware, ta sake ninkewa.

Sufeto ta zauna kusa da ita.

"Mama, kin san akwai mutum a kulle saboda maganar nan?"

Mai Wake ta ɗago. "Wane mutum?"

"Mai shagon maganin gona na bakin kasuwa. Kwanansa biyu a wurinmu. 'Ya'yansa biyar, matarsa tun jiya take zaune a ƙofar ofis da goyo. Idan aka kai shi kotu da laifin ran 'yarki, ƙaramin cikinsu zai yi gemu kafin ubansa ya fito."

"Ni ban ambaci kowa ba. Mai talla na ce."

"Ke ba ki ambata ba. Ƙaninki ne ya nuna mana shi."

Rigar ta zame daga cinyarta ta faɗi ƙasa. Ba ta ɗauka ba.

"Shi ya faɗa muku haka?"

"Shi."

Sai a lokacin hawayen da suka ƙi zuwa kwana uku suka ɓalle. Sufeto ba ta hana ta ba. Ta ɗauki rigar ta kakkaɓe, ta riƙe mata har kukan ya lafa.

"Shekararsa shida iyayenmu suka rasu," in ji Mai Wake. "Ni na goya shi. Ni na kai shi makaranta da hannuna. Ba ƙanina ba ne, ɗan farina ne. Kin ji dalili."

"Ina jin ki, Mama."

"Ƙwari suka shiga waken nan. Idan na sa kunne a buhu har ƙararsu nake ji suna ci. Na je wurin masu kamfani, suka ce ba sa aiki a gidan da ake kwana, sai in kwashe kayan in kai babban sito na bayan gari. Da waɗanne gwiwoyin? Sai na roƙe shi. Ya ƙi. Na sake roƙo, ya ƙi, har ya yi mini faɗa. Na uku na ce masa, ashe goyon da na yi maka na banza ne? Kana da maganin a hannunka kana kallo abincin marainiya zai zama gari?" Ta dafe ƙirji. "Bakin nan nawa. Shi ya jawo."

"Sai ya zo."

"Sai ya zo, ya yi aikinsa tsaf, ya liƙe ƙofa. Ya ce kada a buɗe sai bayan kwana bakwai, ni kuma in ci gaba da kwana a ɗakin ƙarshe, in bar taga a buɗe. Ya tambaye ni Auta fa? Na ce sai ƙarshen wata za ta dawo. Haka muka sani dukkanmu."

"Me ya dawo da ita?"

"An matso musu da jarrabawa, suka gama da wuri. Ba ta faɗa mini ba, wai tana so ta ba ni mamaki. Da rana tsaka sai ga ta da jaka, tana dariya, tana cewa Umma yau sai na auna jininki, na koyo. Ta ci abinci ta shiga ta kwanta. Da la'asar ta fito tana riƙe da kai. Kafin rana ta faɗi ta yi amai sau biyu."

"Kin kira wani?"

Mai Wake ta rufe ido. "Na kira shi."

Sufeto ta jira.

"Na ce Auta ta dawo, ga halin da take ciki, ko maganin nan ne? Sannan ya ce, Yaya, ƙofar da na liƙe da hannuna ko sauro ba ya fita. Gajiyar hanya ce da zazzaɓi. Ki ba ta maganin ciwon kai ta kwanta, da safe zan zo." Ta dubi saman bangon, inda kwalin da Sufeto ta ɗaga ke reto. "Ni na mayar da ita ɗakin nan. Na lulluɓe ta. Har taga na rufe mata, don ta ce tana jin sanyi."

Mai Wake ta share hawaye, ta ci gaba.

"Da safe da ya zo ya gan ta, ya faɗi a nan yana birgima kamar yaro. Ni na ce masa ya tashi. Ni na ce zan ce ni ce. Na rasa ɗaya, na ce ba zan rasa biyu ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Amma ban ce ya ɗora wa ɗan wani ba. Wallahi ban ce ba."

Dubagari na ofishinsa lokacin da suka isa. Teburinsa a share yake fes. Makullai na gefe ɗaya a jere, katin aikinsa a kansu. Ya dubi Sufeto, ya dubi Saje, ya nuna musu kujeru.

Sufeto ba ta zauna ba. Ta ajiye murfin a gabansa, ta ajiye takardar kamfani kusa da shi.

Ya daɗe yana kallon jan fentin.

"Na neme shi," in ji shi. "Ran da na yi aikin na ji ƙararsa ya faɗi ya gangara. Iskar ta fara tashi, ba halin tsayawa. Na ce in an buɗe siton zan ɗauka."

"Kai ka ɗauko gwangwanin daga siton hukuma?"

"Ni ne."

"Kai ka sa ƙwayar?"

"Ni ne."

"Ka san bangon bai kai rufi ba?"

"Ban duba ba." Ya yi wani murmushi mai ciwo. "Shekara ashirin da biyu ina koya wa ma'aikata cewa abu na farko shi ne ka duba bango, ka duba rufi, ka zaga ɗakin da ke maƙwabtaka. Na taɓa dakatar da mutum daga aiki saboda bai zaga ba. Ranar sauri nake yi kada maƙwabta su gan ni da gwangwanin. Ɓarawo ba ya tsayawa duba rufi, Sufeto."

"Da yayarka ta kira ka fa?"

Nan fuskarsa ta karye. Ya dafe tebur da hannu biyu.

"Raina ya ba ni. Wallahi ya ba ni. Har na ɗauki makullin babur. Sai na ce idan na kai ta asibiti likita zai tambayi me ta shaƙa, zan faɗa, daga nan sai a tambayi inda aka samu. Sai na ce wa kaina ai liƙin ya yi kyau. Na yi ta maimaitawa har na yarda. Na ajiye makullin." Ya numfasa da ƙyar. "Yarinyar da ke cewa Kawu, in na fara aiki kai ne majinyacina na farko, kyauta zan yi maka allura."

Saje ya juya ya fuskanci taga.

"Mai shagon fa?" in ji Sufeto. "Me ya yi maka?"

"Ba komai. Kin tambayi inda ƙwayar ta fito, tsoro ya miƙo mini sunansa. Tun shekaranjiya nake cewa yau zan je in faɗa, yau zan je. Ƙafata ta ƙi."

Sufeto ta karanta masa tuhumarsa: ɗaukar kayan da hukuma ta kwace, amfani da guba a gidan zama, sakacin da ya jawo asarar rai, da karkatar da bincike. Ya saurara yana gyaɗa kai kamar mai duba ko an tsallake wani sashe.

Saje ya ciro ankwa, ya tsaya yana jujjuya ta, ya dubi Sufeto. Ita ma ta yi jinkiri.

Dubagari ya miƙe, ya miƙo hannayensa biyu.

"Sa mini, Saje. Sau ɗaya tak na ɗaga wa doka ƙafa a rayuwata, ga abin da ta haifa. Kada ku ɗaga mini."

Suka fito da shi ta tsakiyar sashen. Ma'aikatansa suka miƙe tsaye, kowa ya sunkuyar da kai. A bakin ƙofa ya tsaya gaban mataimakinsa.

"Waken nan kada a bari ya shiga kasuwa sai an gwada shi. Kuma a turo kamfani su kwashe tokar, kada Yaya ta sa tsintsiya."

"To, yallaɓai," in ji mataimakin.

A ofishin 'yan sanda suka tarar ana sallamar mai shago. Yana gaban kanta yana karɓar agogonsa da takalmansa, yana faɗa wa kofur irin ƙarar da zai kai da irin Allah ya isan da zai ja. Ya waiwayo, suka yi ido huɗu da mutumin da ya sa aka kulle shi, ga ankwa a hannunsa.

Kowa na jiran abin da zai fito daga bakin nan mai sauri.

Mai shago ya dubi ankwar, ya dubi fuskar. Ya sa takalminsa ɗaya, ya sa ɗayan.

"Allah ya ji ƙan yarinya," in ji shi. Ya fita wurin matarsa.

Saje ya kama hannun Dubagari, suka wuce da shi ciki.

Da la'asar Sufeto ta gama rubuta rahoto, ta fito za ta tafi gida. A kan bencin da ke ƙofar ofis ta ga Mai Wake zaune, sandarta a jingine, kular abinci a cinyarta ɗaure da ƙyalle. Yadda ta iso da gwiwoyin nan, Allah kaɗai ya sani.

"Mama, ke ma sai kin sake ba da bayani gobe. Na gaskiya wannan karon."

"Zan bayar." Ta miƙo kular. "Tun ranar ƙanin nan nawa bai sa komai a cikinsa ba. Na san shi, ba zai ci na kowa ba."

"Kina so ki gan shi?"

Mai Wake ta dubi ƙofar da aka shige da shi. Ta daɗe tana kallo.

"Ba yau ba, 'yar nan. Idan na gan shi ban san wadda za ta yi magana ba, uwar Auta ko yayarsa. Ki dai kai masa tun da zafinsa."

Ta dogara sandarta ta miƙe, ta kama hanya a hankali, ba ta waiwayo ba.

Sufeto ta tsaya har Mai Wake ta sha kwana. Sannan ta ajiye jakarta a kan teburin ofis, ta ce wa kofur ya ɗauko makulli, ta bi dogon barandar da kular a hannunta.